Shin "passato remoto" ya mutu? Fashin baƙi kan lokacin da ya shuɗe a Italiyanci

Me ya sa harshe ɗaya zai riƙe hanyoyi har biyar na faɗin abin da ya riga ya wuce, kuma wacce daga ciki ce ta zama tilas ga mai koyo? Wannan tambaya ba ta rabuwa da bakin masu koyon Italiyanci, kuma amsoshin da ake ba su sukan ci karo da juna. Wani malami ya ce a manta da passato remoto, ɗaya daga cikin hanyoyin biyar ɗin, ba mai amfani da shi yanzu. Ɗalibi ya buɗe littafin labari ko na tarihi, ya tarar da shi a kowane layi. Ya sauka Sisili, ya ji ana faɗin abin da ya faru da safiyar ranar da shi.

Batun ya wuce na aji. Tun watan Disamba na 2018 dokar Italiya ta wajabta wa mai neman zama ɗan ƙasa, ta hanyar aure ko ta daɗewar zama, ya nuna ya iya harshen a matakin B1, wato matsakaicin mataki a ma'aunin iya harshe, sai ƴan rukunin da aka keɓe. Takardar zama ta dogon zango kuwa matakin A2 take nema, wanda ke ƙasa da B1. Ƙuri'ar raba gardamar da aka yi ranakun 8 da 9 ga Yuni 2025, wadda ta so rage shekarun jira daga 10 zuwa 5, ta faɗi saboda masu fitowa ba su kai rabin masu rajista ba. Ko da ta wuce ma, ba ta taɓa sharaɗin harshe ba. A duk waɗannan jarrabawa, ko CILS ta Siena, ko CELI ta Perugia, ko PLIDA, abu ne da aka saba a ce wa mutum: ba mu labarin wani abu da ya faru da kai. A nan ake gane wanda ya riƙe nahawun shuɗaɗɗen lokaci da wanda ya haddace gaisuwa kawai.

## Sunayen ne suka fara kawo ruɗani

Passato prossimo na nufin abin da ya wuce na kusa, passato remoto kuma na nesa. Daga nan mutane suka ɗauka cewa akwai wani ma'auni, wai in abu bai kai shekara ba a yi amfani da wannan, in ya haura a koma wancan. Babu irin wannan ƙa'ida. Mutumin Milan zai ce "mio nonno è arrivato qui cinquant'anni fa", kakana ya iso nan shekara hamsin da suka wuce, da passato prossimo, kuma babu wanda zai ce ya yi kure.

Abin da nahawu ya tanada shi ne yadda mai magana yake kallon aikin. Passato prossimo na ɗauko abin da ya faru ya haɗa shi da yanzu, tasirinsa bai yanke ba. Passato remoto na ajiye shi can, a matsayin labarin da aka rufe. Shi ya sa ake cewa "è nato", an haife shi, ga wanda yake raye, amma littafin tarihi ya rubuta "Dante nacque nel 1265", an haifi mawaƙi Dante a 1265. Na ukunsu, imperfetto, ba ruwansa da kusa ko nesa. Aikinsa nuna abin da yake cikin gudana, ko wanda aka saba yi, ko yanayin da ake ciki. Sauran biyun, trapassato prossimo da trapassato remoto, na abin da ya riga wani abin faruwa ne.

Bahaushe yana da riba a nan da bai cika lura da ita ba. Hausa ma ba ta damu da tsawon lokaci ba, abin da take bambantawa shi ne aikin ya kammala ko yana ci. "Ina karatu sai ya shigo": ina karatun nan imperfetto ne, shigowar kuma passato prossimo. A Italiyanci, "studiavo quando è entrato".

## Yadda ake gina passato prossimo

Kalma biyu ce. Ta farko aikatau ne mataimaki, ko avere ko essere, a lokaci mai ci. Ta biyu ita ce participio passato, wato siffar aikatau mai nuna an gama aiki, irin "dafaffe" da "rubutacce" a Hausa.

Avere yana tafiya haka: ho, hai, ha, abbiamo, avete, hanno. Essere kuma: sono, sei, è, siamo, siete, sono. Participio ana samun sa ne daga ƙarshen aikatau. Masu ƙarewa da -are su koma -ato, parlare ya zama parlato. Masu -ere su koma -uto, credere ya zama creduto. Masu -ire su koma -ito, dormire ya zama dormito. Saboda haka "na yi magana" shi ne ho parlato, "mun yi barci" abbiamo dormito. Kore kuwa da non ake yi a gaban mataimakin: non ho parlato. Ƙananan kalmomi irin già, mai, ancora da più tsakanin biyun suke shiga, kamar "non ho mai visto", ban taɓa gani ba.

Matsalar ita ce aikatau da aka fi amfani da su a kullum su ne masu karya ƙa'ida, kuma yawancinsu ƴan gidan -ere ne. Fare ya ba da fatto, dire detto, scrivere scritto, leggere letto. Prendere preso, chiudere chiuso, mettere messo, succedere successo. Chiedere chiesto, rispondere risposto, rimanere rimasto, vedere visto. Sai aprire aperto, morire morto, nascere nato, vivere vissuto, bere bevuto, scegliere scelto. An jera su haka ne da gangan, don in aka lura suna zuwa dangi-dangi: masu -tto, masu -so da -sso, masu -sto, masu -rto da -lto. Wanda ya haddace su bisa sautin ƙarshe ya fi wanda ya bi jerin abacada saurin riƙewa. Kuma duk aikatau da aka gina kan wani yana bin ubansa: promettere promesso kamar mettere, descrivere descritto kamar scrivere.

## Avere ko essere: inda aka fi zubar da maki

Duk aikatau so-karɓau, wato wanda aikinsa ke faɗawa kan wani abu kai tsaye, avere yake ɗauka: ho comprato il pane, na sayi burodi. Wannan ba ya da togaciya, in dai ba a juya aikin kan mai yin sa ba.

Essere na tafiya da aikatau masu nuna tashi daga wuri zuwa wuri, kamar andare, venire, arrivare, partire, entrare, uscire, tornare. Da masu nuna sauyin hali, kamar nascere, morire, diventare, crescere. Da masu nuna zama a wuri guda, restare, rimanere, stare da essere kansa. Da duk aikatau mai komawa kan mai yi, mi sono svegliato, na farka, ci siamo visti, mun ga juna. Sai wani rukuni da ake mantawa: piacere, succedere, costare, bastare, sembrare, riuscire.

Ƙa'idar da ake koyarwa a gajarce, wai "aikatau na motsi essere ne", ita ce ke jefa mutane cikin rami. Camminare, tafiya da ƙafa, motsi ne, amma ho camminato ake cewa. Haka viaggiare da nuotare. Bambancin shi ne waɗannan suna bayyana irin motsin ne, ba inda aka nufa ba. Correre ya fi nuna abin a fili: "ho corso per un'ora", na yi gudu na awa guda, amma "sono corso a casa", na ruga gida. Da zarar an ambaci inda aka dosa, mataimakin ya sauya. Finire, cominciare da cambiare su ma fuska biyu gare su. "Ho finito il lavoro", na gama aikin. "Il lavoro è finito", aikin ya ƙare. Ruwan sama kam an bar wa mutum zaɓi, è piovuto da ha piovuto duk sun halatta.

Wanda ya yi boko da Faransanci, kamar ɗaliban Nijar, zai ga tsarin ba baƙo ba ne, tunda passé composé ɗan'uwan passato prossimo ne. Sai dai Italiyanci ya fi yawan amfani da essere. Faransanci na cewa j'ai été, Italiyanci sono stato. Faransanci il a réussi, Italiyanci è riuscito. "Ho stato" kure ne da ake gane mai Faransanci da shi tun daga jumlar farko.

Dovere, potere da volere kuwa, ƙa'idar makaranta ta ce su ari mataimakin aikatau da ke biye da su: ho dovuto lavorare, amma sono dovuto partire. A bakin mutane ana jin "ho dovuto partire" sosai, kuma masana da yawa sun daina ƙyamarsa. A takardar jarrabawa gara a bi ta makaranta.

## Wasalin ƙarshe

In mataimakin essere ne, participio sai ya dace da mai aikin a jinsi da adadi. Namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata. Maza ko gauraye siamo andati, mata zalla siamo andate. Hausa tana raba "ka tafi" da "kin tafi", amma "na tafi" ɗaya ce ga kowa, jam'i ma ba ya da jinsi. Shi ya sa mata masu koyo suke yawan cewa "sono andato", domin littafi da siffar namiji yake fara misali, ita ce ta zauna a kai.

Da avere participio ba ya motsi: Maria ha mangiato, ba mangiata ba. Sai in wakilin suna na karɓau, lo, la, li ko le, ya riga shi zuwa. A nan dacewa dole ce. "Hai visto la lettera? Sì, l'ho vista." "I documenti? Li ho portati." Haka ake yi da kalmar Italiyanci "ne", wato "daga cikinsu": "ne ho comprate tre", na sayi uku daga cikinsu, in abin da aka saya mace ce a nahawu. A lura lo da la suna gajarcewa su zama l' a gaban ho, don haka wasalin ƙarshe ne kaɗai ke gaya wa mai sauraro namiji ake nufi ko mace. Li da le ba sa gajarcewa.

Wannan ƙa'ida da ke kama da son wahalarwa tana da asali. Latin na da tsari irin "habeo epistulam scriptam", wato ina da wasiƙa rubutacciya. Kalmar "rubutacciya" siffa ce da ke bin wasiƙar, kamar yadda Hausa za ta ce rubutaccen littafi, rubutacciyar wasiƙa, rubutattun takardu. A hankali "ina da ita rubutacciya" ya koma ma'anar "na rubuta ta". Dacewar da ta rage a l'ho scritta saura ce daga wancan zamani.

Piacere na buƙatar kulawa ta musamman, domin abin da aka so shi ne mai aiki a jumlar. "Mi è piaciuta la città", birnin ya burge ni. "Mi sono piaciuti i libri", littattafan sun burge ni. Jinsin mai magana bai shigo ciki ba ko kaɗan.

## Imperfetto: sauƙin ginawa, wuyar zaɓa

A wajen gini babu lokacin da ya kai shi sauƙi. A cire -re daga aikatau a liƙa -vo, -vi, -va, -vamo, -vate, -vano: parlavo, parlavi, parlava, parlavamo, parlavate, parlavano. Essere ne ya fita daban: ero, eri, era, eravamo, eravate, erano. Fare, dire da bere suna komawa tsohuwar saiwarsu, facevo, dicevo, bevevo. Wajen furuci, a parlavano nauyin murya kan gaɓar "la" yake sauka, ba kan "va" ba.

Ana amfani da shi wajen al'ada, inda Hausa za ta ce "nakan" ko "a da ina": "da bambino andavo a scuola a piedi", ina yaro da ƙafa nake zuwa makaranta. Ana amfani da shi wajen yanayi, shekaru, lokacin agogo da halin jiki: faceva freddo, ana sanyi, avevo vent'anni, ina da shekara ashirin, erano le otto, ƙarfe takwas ne. Kuma shi ke shimfiɗa fagen da wani abu zai faɗo a kai.

Kuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya daɗe ana yi imperfetto ne. Ba haka ba ne. In an faɗi iyakar lokacin, aikin ya rufe: "ho lavorato a Torino per dieci anni", na yi aiki a Torino shekara goma. Shekara goma ba kaɗan ba ce, amma tana da farko da ƙarshe. "Lavoravo a Torino" kuwa na barin mai sauraro yana jiran ci gaba, kamar Bahaushe ya ce "ina aiki a Torino…" ya yi shiru.

Wasu aikatau ma'anarsu ce ke sauyawa. Sapevo, ina da masaniya. Ho saputo, na samu labari. Conoscevo, na san shi tun da. Ho conosciuto, na haɗu da shi karo na farko. Dovevo partire, ya kamata in tafi, ba a faɗi ko na tafi ba. Sono dovuto partire, tilas ta sa na tafi. A nan Hausa kan yaudari mai ita. "Na sani" da "na gaji" siffar kammalallen aiki gare su amma halin yanzu suke nufi, don haka lo so da sono stanco ne daidai, ba ho saputo ba. "Na gane" ce ta yi dace, ho capito.

Akwai kuma imperfetto da ba na shuɗaɗɗen lokaci ba. Mai shiga shago ya ce "volevo un caffè", ba yana ba da labarin jiya ba ne, ladabi ne, yanzu yake son kofin.

## To, passato remoto fa?

Shi ne magajin tsohon lokacin Latin kai tsaye, kalma guda ba mataimaki. Parlai, parlasti, parlò, parlammo, parlaste, parlarono. Dormii, dormisti, dormì, dormimmo, dormiste, dormirono. Masu -ere da yawa na da siffa biyu, credei ko credetti. Alamar da ke kan wasalin ƙarshe ba ado ba ce: parlo "ina magana" ne, parlò "ya yi magana".

Masu karya ƙa'ida suna da yawa har suna tsorata ɗalibi, amma akwai tsari a ɓoye. A yawancinsu karyewar na faruwa ne a wuri uku kacal, ni, shi ko ita, da su. Sauran ukun lafiyarsu lau. Prendere: presi, prendesti, prese, prendemmo, prendeste, presero. Avere: ebbi, avesti, ebbe, avemmo, aveste, ebbero. Wanda ya san siffar farko ya san sauran: feci, fece, fecero daga fare, dissi, disse, dissero daga dire, vidi, vide, videro daga vedere, venni, venne, vennero daga venire. Essere kam yana buƙatar hadda daban: fui, fosti, fu, fummo, foste, furono.

Ko ya mutu ko yana raye, ya danganta da inda mai amsar yake tsaye. A arewa, su Milan da Torino da Venezia, kusan ba a jin sa a hira, domin karin harsunan yankin sun daɗe da zubar da shi. A kudu, musamman Sisili da Calabria, karin harshen gida ya fi jingina da shi, har a ce "stamattina mangiai" kan abincin safiyar yau. A Toscana, inda daidaitaccen harshen ya samo asali, ana riƙe da biyun kowanne da aikinsa.

Dalilin wannan rarrabuwa tarihi ne. Lokacin da Italiya ta haɗe a 1861, mafi yawan jama'a karin harshen yankinsu suke yi. Masanin harshe Tullio De Mauro ya ƙiyasta cewa masu iya Italiyanci a lokacin ba su wuce kashi 2.5 cikin ɗari ba, wasu masanan suka kai ƙiyasin kusan kashi 10. Makaranta, aikin soja, ƙaura zuwa masana'antun arewa, sannan talabijin ɗin RAI da ta fara a 1954, su suka kai harshen kowane gida. Kowa ya shigo da al'adar yankinsa, kuma da yake arewa ce ke riƙe da masana'antu da manyan kamfanonin buga littattafai, salonta ya yi rinjaye. Passato prossimo na ci gaba da cin ƙasa har a kudu, musamman a bakin matasa.

Masu cewa a daina koyar da remoto suna kallon hira ne, kuma suna nuna Faransanci, inda takwaransa passé simple ya fice daga magana ya tsaya a takarda. Masu kare shi suna cewa harshen zai rasa bambanci mai amfani, kuma duk adabi da tarihi da tatsuniyoyin yara da shi aka rubuta. Kowane ɓangare na da rabin gaskiya, sai dai na farko sun yi gaggawar binne shi. Wanda bai gane cewa fu daga essere yake ba, ko nacque daga nascere, ba zai iya karanta allon da ke jikin tsohon gini ba. Abin da ya fi dacewa da baƙo shi ne ya koyi gane shi, musamman siffofin "shi" da "su" tunda da su ake ba da labari, ya bar furta shi sai daga baya. Ba inda za a yi wa mutum dariya don ya ce "ho fatto". A Milan kuwa "ieri feci" zai sa a ɗaga kai a dube shi.

Bahaushe zai iya kwatanta shi da "suka" a cikin labari. "Sun tafi" sanarwa ce, "suka tafi, suka tarar da shi" kuma zaren labari ne. Kamar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, domin "suka" na da wasu ayyukan a nahawun Hausa, amma ta isa ta nuna yadda remoto ke sauka a kunnen Ba'italiye.

## Abin da ya riga wani, da abin da aka ce za a yi

Trapassato prossimo sauƙi gare shi ga wanda ya riƙe na baya: mataimaki a imperfetto, sai participio. "Quando sono arrivato, il treno era già partito", ko da na iso jirgin ya riga ya tashi. Ƙa'idojin essere da avere da dacewa duk suna nan yadda suke. Trapassato remoto, irin "appena ebbe finito, uscì", yana gamawa sai ya fita, a littattafai kawai ake gamuwa da shi, bayan kalmomi irin appena ko dopo che.

Wuri guda da ke kama har waɗanda suka yi nisa shi ne ba da rahoton alkawarin da aka yi a baya. "Ya ce zai zo" a Italiyanci "ha detto che sarebbe venuto" ne, da condizionale passato, wato siffar sharaɗi ta shuɗaɗɗen lokaci. Faransanci na amfani da siffa mai sauƙi a nan, shi ya sa mai shi ke zamewa ya ce "verrebbe", wanda ba daidai ba ne. A hira ana jin "ha detto che veniva", kamar yadda ake jin "se lo sapevo, venivo" maimakon "se l'avessi saputo, sarei venuto", da na sani da na zo. Ƴan ƙasa na faɗin su kullum, amma mai gyaran takarda zai iya ja musu layi.

## A takardar jarrabawa

Matakan A2 da B1 sun fi dogara kan passato prossimo da imperfetto. Abin da mai dubawa ke nema shi ne ko ɗalibi zai iya cakuɗa su a sakin layi guda: yanayi da imperfetto, abubuwan da suka faru da passato prossimo. Labarin da aka rubuta kaf da ɗaya daga ciki yana nuna ba a kama bambancin ba, ko da kowace kalma daidai take.

Sai kurakuran rubutu da kunne ba ya kamawa. Harafin h na ho, hai, ha da hanno ba a furta shi, amma in aka bar shi kalmar ta zama wata: o "ko" ne, a "zuwa", anno "shekara". È mai alama aikatau ne, e marar alama "da" ce, don haka "e arrivato" jumla ce da ba mataimaki. Baƙi mai ruɓi ma na sauya ma'ana, fatto an yi, fato ƙaddara. Wannan na ƙarshe bai kamata ya wahalar da mai Hausa ba, tunda kunnensa ya saba raba "baba" da "babba". Abin da ya rage shi ne ya rubuta abin da ya ji, ya kuma ware mintunan ƙarshe ya bi kowane sono, è da siamo ya duba wasalin da ke ƙarshen kalmar da ke biye.